CIWON HANTA NA B: LISSAFIN DA YA KAMATA MAGIDANCI YA YI

Masu karatu, sau da yawa labarin yakan fara ne a wurin ba da jini. Mace ta zo haihuwa, jini ya ƙare mata, aka ce a kawo dangi. Wanta ya miƙa hannu, lafiyarsa lau, jiya ma daga gona yake. Bayan an auna, sai malamin asibiti ya ja shi gefe, ya gaya masa ba za a karɓi jininsa ba, domin akwai ƙwayar ciwon hanta a ciki. Mutum ya koma gida da takarda a aljihu, barci ya ƙaurace masa. Tambayoyi biyu ne ke cin ransa: nawa wannan abu zai ci mini, kuma wace irin rayuwa ta rage mini? Su ne darasinmu na yau.

Ciwon da ba ya sallama

Hanta tana gefen dama na ciki, ƙarƙashin haƙarƙari. Ita ke tace jini, ita ke ajiye ƙarfin abinci, ita ke yin ruwan matsarmama. Ƙwayoyin cuta iri-iri suna kama ta, kuma likitoci sun ba su haruffa. Na A da na E ta ruwan sha da abinci marar tsabta suke shiga, kamar na E da ya ɓarke a jihar Diffa a shekarar 2017. Na B kuwa, wanda lokotoro ke kira epatit B, ta jini yake bi, da saduwar mace da namiji, da kuma daga uwa zuwa jariri lokacin haihuwa.

Shekarun mutum a ranar da ya kamu su ne ke yanke hukunci. Idan babba ne, jikinsa yakan kori ƙwayar da kansa cikin wata 6, kuma ba a samun ko mutum 5 cikin 100 da take zaunawa a jikinsu. Idan jariri ne, cikin 10 kusan 9 za ta zauna musu. Saboda haka yawancin masu ɗauke da ita a ƙasashenmu tun suna goye ko suna wasan ƙasa suka same ta. Wannan magana a riƙe ta da kyau, domin an sha zargin bayin Allah da lalata a kan ciwon da suka taso da shi.

Hukumar Lafiya ta Duniya, wato OMS, ta ƙiyasta cewa a shekarar 2022 mutum miliyan 254 ne ke ɗauke da ƙwayar a duniya, miliyan 65 daga cikinsu a Afirka. A wannan shekara ta kashe mutum miliyan 1 da dubu 100. Cikin masu ɗauke da ita, 13 kawai cikin 100 suka san suna da ita. Dalili shi ne takan yi shekara 20 ko 30 ba zazzaɓi, ba rama, ba shawara. Tana nan tana yi wa hanta tabo a kan tabo, har hantar ta taurare ta motse, ko kuma ciwon daji ya fito mata. Amma ba kowa ne ke kaiwa nan ba. Cikin waɗanda suka kamu tun suna ƙanana, kimanin 1 cikin 4 ne ciwon ke kashewa idan ba a kula ba. Sauran 3 sukan tsufa da shi. Wahalar ita ce ba a gane wane ne wannan ɗaya da ido. Sai da awo.

Kuɗin farko na awo ne

Manomi ba ya zuba taki sai ya san gonarsa. Haka nan wanda aka ce yana da ƙwayar bai kamata ya fara da sayen magani ba. Awon farko, na ɗigon jini a yatsa, abin da yake faɗi kawai shi ne ƙwayar tana nan. Bai faɗi halin da hanta take ciki ba. Don a san wannan, ana yin awon jini guda biyu da akan samu a asibitocin gunduma: na transaminaz, wanda ke nuna ko hanta tana ƙuna, da ƙidayar ƙwayoyin da ke sa jini daskarewa. Lokotoro yakan haɗa su ya yi ɗan lissafi, ya gane ko tabo ya yi yawa. Akwai hoton ciki, wato eko. Akwai kuma awon yawan ƙwayar a cikin jini, wanda ya fi sauran tsada, kuma sai a manyan garuruwa ake yinsa. Dole ne kuma a auna sida kafin a fara magani, domin maganin ciwon hantar yana cikin magungunan sida, kuma idan mai sida ya sha shi shi kaɗai, ƙwayar sidar za ta saba da shi. Ana duba ƙoda ita ma.

Bayan wannan sai a raba mutane gida biyu. Wasu za a ce su fara magani. Wasu za a ce hantarsu lafiya take, su riƙa dawowa awo sau ɗaya a shekara, ko duk wata 6. Mutane da yawa sukan ji haushi idan aka sallame su ba takardar magani, su ce lokotoro bai yi musu kome ba. Alhali kuwa ya tsare musu aljihu ne. Abin da ba shi da kyau shi ne mutum ya ji an ce lafiya, ya tafi ke nan, domin ƙwayar da ke barci bana tana iya farkawa baɗi.

A shekarar 2024 OMS ta sassauta ƙa'idar fara magani. Da can mutum 8 zuwa 15 cikin 100 ne suka cancanta, yanzu sun kai rabi ko fiye. Wanda aka taɓa yin ciwon dajin hanta ko taurin hanta a gidansu ya shiga ciki. Inda ba a samun awon yawan ƙwaya, idan transaminaz ta ci gaba da hauhawa a awo biyu cikin wata 6 zuwa shekara, ya isa a fara. Ke nan wanda aka gaya wa shekara 5 da suka wuce cewa ba ya bukatar magani, ya kyautu ya koma a sake duba shi.

Ƙwaya ɗaya a yini

Magungunan da aka fi yarda da su biyu ne: tenofobir da antekabir. Ƙwaya ɗaya ake sha a yini. Ba sa tumɓuke ciwon daga jiki, danne shi suke yi har a kasa ganinsa a awo, shi ya sa yawanci har iyakar rai ake sha. Kafin su an yi ta amfani da lamibudin, mai araha, amma bayan shekara 5 ƙwayar takan saba da shi a jikin kimanin mutum 7 cikin 10. Arahar da ba ta kai mutum gida ba ke nan. Tenofobir kuwa da wuya ƙwayar ta saba da shi.

Amfaninsa ba zato ba ne. A wani bincike da aka buga a 2013, an bi mutane 96 da hantarsu ta riga ta taurare, suna shan tenofobir shekara 5. Da aka sake duba naman hantar, 71 daga cikinsu taurin ya sake su. Maganin yana rage hatsarin ciwon daji ƙwarai, ko da yake ba ya kawar da shi duka, don haka mai taurin hanta zai ci gaba da yin eko duk wata 6.

To, nawa ne kuɗinsa? Rahoton OMS na 2024 ya ce farashin sari na tenofobir jenerik a kasuwar duniya dala 2.4 ne a wata. Dalar Amurka ake nufi, ba dalarmu ta tamma 5 ba. A kuɗin sefa ya kama kusan jika ɗaya da rabi. Mu yi lissafi tare: 1,500 sau 12 ya ba da 18,000 a shekara. A raba 1,500 gida 30, ya ba da 50 a yini, wato dala goma irin tamu, abin da bai kai kuɗin goron wani ba. Sai dai rahoton ya ce ƙasashe da yawa ba su samun sa a wannan farashi, kuma wanda ya je farmasi ya san abin da ake karɓa ya fi haka. Duk da haka sanin farashin asali yana da amfani. Mai saye ya tambayi jenerik, domin maganin ɗaya ne, kwalin ne ya bambanta. Kada a saya a tire ko a teburin kasuwa, inda rana ke dukansa kuma ba a san asalinsa ba.

A kan kuɗin ƙwaya sai a ɗora na awo, da na mota, da yinin aikin da aka rasa. Ga mutumin ƙauye sau da yawa kuɗin mota zuwa Maraɗi, Damagaram, Tawa ko Yamai sun fi na maganin kansa. Dabara ita ce a roƙi lokotoro ya rubuta na wata 3 gaba ɗaya, a kuma haɗa ranar awo da ranar karɓar magani. Wanda zai tafi ci-rani ya ɗauki abin da zai ishe shi, da takardarsa.

Nan akwai gargaɗi babba. Wanda ya fara kada ya tsaya da kansa. Idan aka yanke maganin, ƙwayar takan taso da ƙarfi, hanta ta ƙone, kuma ga mai taurin hanta hakan na iya zama ajali. Shan wata biyu a bar wata uku, asarar kuɗi ce da kasada a haɗe. Shi ya sa ya kamata tun farko magidanci ya zauna da iyalinsa, a san daga ina kuɗin kowane wata za su fito, kamar yadda ake ware iri kafin a taɓa rumbu.

Ɗaya gefen ma'auni

Yanzu mu duba abin da jira ke ci. Mutum ya yi shekara 10 bai koma awo ba. Wata rana ƙafafu suka kumbura, ciki ya cika da ruwa, idanu suka yi ɗorawa. Aka kai shi babban asibiti, ana zuƙe ruwan yana dawowa. Wata rana ya yi aman jini, aka shiga neman jini. Mutum biyu sun bar aikinsu suna jinya. Aka sayar da awaki, aka sayar da san noma, aka jinginar da gona. Damina ta zo ba mai riƙe hauya. Idan ciwon daji ne, a ƙasashenmu yakan kama mutum ne yana tsakiyar ƙarfinsa, ɗan shekara 30 zuwa 50, kuma tunda a makare ake zuwa, watanni kaɗan suke ragewa. Dashen hanta kuwa sai ƙetare, kuɗinsa miliyoyi masu yawa. A ƙarshe an rasa dukiyar, an rasa mai nemo ta.

Masana tattalin lafiya irin wannan lissafi suke yi wa gwamnatoci, sai dai su da shekaru suke awo. Shekarar da mutum ya yi da cikakkiyar lafiya suna ƙirga ta ɗaya. Wadda ya yi a kwance suna ƙirga ta rabi ko ƙasa da haka. Don su san darajar shekara, sukan tambayi majinyaci abu biyar: yana iya tafiya, yana iya wanka da sa tufafi da kansa, yana iya aikinsa, yana jin zafi, yana cikin damuwa? A wani bincike na 2008 da aka yi a ƙasashe da dama, ciki har da Sin, Kanada da Ingila, masu ciwon da kansu sun ce darajar shekara takan faɗi da kusan rabi daga ranar da hanta ta kasa ko ciwon daji ya fito.

An gwada wannan lissafi kusa da mu, a ƙasar Gambiya. Daga 2011 zuwa 2014 ma'aikata sun bi ƙauyuka da unguwanni, suka auna manya kusan 6,000. Kimanin 9 cikin 100 aka samu da ƙwayar. Cikin waɗannan, ba su kai 5 cikin 100 ba da suka bukaci magani bisa ƙa'idar wancan lokaci. Da aka haɗa kuɗin nema, da na awo, da na magani, aka ga kowace shekarar lafiya da aka ceto ta ci dalar Amurka 540, wato sama da jika 300. Masu binciken suka ce aikin ya cancanci kuɗinsa. Mu lura, an auna dubbai ne kafin a samu ƴan kalilan. A gidan da aka riga aka samu mutum ɗaya, nema ba ya wuya haka. Ƴan'uwansa na ciki ɗaya, da mahaifiyarsa, da matansa, da ƴaƴansa, su ne na farko da ya kamata a auna. Wanda ba shi da ita a yi masa rigakafi.

Inda kuɗi ke zurarewa

Ba mu raina maganin gargajiya ba, amma gaskiya ɗaya ce: har yau ba wani sassaƙe ko jiƙo da aka tabbatar yana fitar da wannan ƙwaya, wasu ma ƙara wa hanta aiki suke yi. Mai karatu zai ce, ai wane ya yi shawara, ya sha jiƙo, ya warke. Haka ne, ya warke. Shawara alama ce, kuma abubuwa da yawa ke kawo ta: zazzaɓin cizon sauro, sikila, ciwon hanta na A. Ko na B ɗin ma, mun faɗa cewa babba yakan warke da kansa. Jiki ya yi aikinsa, jiƙo ya karɓi yabo. Wanda ciwon ya zauna masa tun yarinta hanyarsa daban ce. Idan mai magani ya yi alkawarin warkarwa cikin kwana 40, a sake awo bayan kwana 40 ɗin kafin a ƙara masa ko dala. Haka nan kwalaben ƙarin ƙarfi masu tsada da ake yawo da su gida-gida, ana cewa suna wanke hanta.

Zama da ciwon

Abin da ya fi ɓata rayuwar mai ɗauke da ƙwayar, tun hantarsa tana lafiya, shi ne tsoro da ƙyamar mutane. An ware masa ƙwarya, an ware masa buta, yara ba sa hawa tabarmarsa. Duk wannan ba shi da tushe. Ciwon ba ya bin zufa, ba ya bin gaisuwa, ba ya bin tari, ba ya bin cin tuwo a akushi ɗaya ko shan fura da ludayi ɗaya. Sauro ba ya ɗaukar sa. Abin kiyayewa jini ne, domin ƙwayar tana iya yin kwana 7 da rai a busasshen jini. Kada a haɗa reza, ko asuwaki, ko abin yankan farce. Wanzami ya sa sabuwar reza ga kowane kai, ko aski ne, ko kaciya, ko ƙaho. Allurar da aka yi wa wani ba a yi wa wani da ita.

An fasa aure da yawa saboda takardar awo. Ba sai an fasa ba. A auna ɗayan, idan ba shi da ita a yi masa allura 3 cikin wata 6, kafin nan a kiyaye. Mai ɗauke da ƙwayar yana noma, yana fatauci, yana koyarwa. Ba a hana shi nama, ko ƙwai, ko mai, ko madara ba. Mun ga waɗanda suka rame ba don ciwon ba, sai don an hana su kome ban da kunu. Gishiri ana rage shi ne ga wanda ruwa ya taru masa a ciki. Abin da aka hana ƙwarai shi ne giya kowace iri ce, da shan ƙwayoyi barkatai ba izinin likita. Ga mai azumi, tunda sau ɗaya ake shan maganin, yana iya mai da shi lokacin sahur ko buɗa-baki. Mai taurin hanta kuwa ya shawarci lokotoro kafin watan ya kama.

Jariri da rumbu

A duk lissafin nan ba abin da ya kai rigakafi araha. Tun 2008 Nijar ta sa rigakafin wannan ciwo cikin allurar nan mai kare cuta 5, wadda ake yi wa jarirai kyauta a mako na 6, na 10 da na 14. Yawancin waɗanda aka haifa kafin nan ba su samu ba. Amma jaririn da uwarsa ke da ƙwayar yana iya kamuwa tun ranar haihuwa, mako 6 ya yi masa nisa. Don haka OMS ta ce a yi wa kowane jariri allura ɗaya cikin awa 24 na farko. Mai ciki ta nemi a auna ta a wurin awon ciki. Idan ƙwayar ta yi mata yawa, ana ba ta tenofobir a watannin ƙarshe don a kare ɗan. Maigida ya tambaya tun kafin naƙuda inda za a samu allurar ranar haihuwa. Idan a gida aka haihu, a kai jaririn asibiti a ranar, kada a jira suna. Uwa ta ba da nononta, ba ya cutar da shi.

Saura magana ɗaya da ta shafi manoma kai tsaye. Gujiya, wadda wasu ke kira gyaɗa, da masara, idan ba su bushe sarai ba, funfuna takan kama su, ta bar wata guba da ake kira aflatoksin. Dafuwa ba ta kashe ta, suya ba ta kashe ta, tana wucewa cikin ƙuli-ƙuli da tunkuza. Ita da ƙwayar ciwon hanta idan suka haɗu sun fi kowace ɗaya ɓarna. A wani bincike da aka yi a birnin Shanghai na ƙasar Sin, wanda aka buga a 1994, gubar kaɗai ta ninka hatsarin ciwon dajin hanta kusan sau 3, ƙwayar kaɗai sau 7, amma su biyun tare kusan sau 60.

Maganin wannan a hannun manomi yake. A yankin Kindiya na ƙasar Gine an gwada a ƙauyuka, aka buga sakamakon a 2005. Manoma suka tsince gujiyar da ta lalace da hannu, suka shanya a kan tabarma maimakon ƙasa, suka bari ta bushe sarai, suka zuba a buhunan algarara masu shan iska, suka ɗora buhunan a kan katako, suka sa maganin ƙwari a ƙasan ɗakin ajiya. Bayan wata 5, gubar da ke jininsu ba ta kai rabin ta ƙauyukan da suka ajiye yadda suka saba ba. A gane bushewa da girgiza kwanso: idan ƙwayar tana kaɗawa a ciki, ta bushe. Wadda ta yi baƙi, ko ta motse, ko take ɗaci, kada a ba yara ita a matsayin tsintuwa, kada kuma a kai wa mai tuyar ƙuli-ƙuli da sunan araha. A tona rami a binne ta.